Bi Kazija da Ruwan Bayan Azahar

Matar yayana, Bi Kazija, ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana shiga teku kullum ta Allah, amma tekun bai taɓa wuce mata cinya ba. In kun ji ana cewa mutanen bakin ruwa duk kifaye ne, to a cire matan ƙauyenmu. Mu maza aka jefa cikin ruwa tun muna yawo ba wando, su kuwa aka ce musu iyo ba na 'ya mace ba ne, iyakar mace inda bakin zane zai jiƙe. Haka uwarta ta rayu, haka kakarta, kuma ban ji wadda ta kai ƙara ba.

Ni ne Simai, ƙanin marigayi mijinta Jecha. Ina da ƙaramin jirgi mai inji, wanda yake tashi ran da ya ga dama. Ina ɗan shekara tara aka kawo ta gidanmu, a nan gabashin tsibirin Unguja, kuma tun daga ranar muke wasa da ita irin na ƙanin miji da matar wa. Ni in ce mata shemeji, wato matar wa a yarenmu, ita ta ce mini duk abin da ya zo bakinta. Yau furfura ta fito mini a gemu, amma har yanzu in na shiga gidanta sai ta fara rufe tukunya kafin ta amsa sallama.

Tun tana yarinya aikinta a bakin ruwa yake. Da farko ɓawon kwakwa suke binnewa a cikin yashi, ya yi watanni ya ruɓe, su tono su daka su tufka igiya. Tana da goyon fari aka kawo noman ciyawar teku, wadda muke kira mwani. In ruwa ya janye sai mata su bi shi, su kafa turaku a yashi, su ja igiya tsakani, su ɗaɗɗaura 'yan tsirrai, bayan mako shida a kwaso a shanya. Da wannan ciyawa ta sa wa gidansu kwano, ta yi wa 'ya'ya huɗu makaranta, ta yi jinyar yayana shekara uku har Allah ya karɓi abinsa. In ka gan ta a tsakiyar gonarta, zaune dirshan cikin ruwa da malfa a kan ɗankwali, ka ce a falonta take.

Akwai wata baiwa da Allah ya yi mata, wadda ko masunta sun sallama. Kafin ta shiga ruwa sai ta tsuguna ta tsoma gwiwar hannu, yadda ake gwada ruwan wankan jariri, sannan ta yanke hukunci. Ta san ruwan kowane wata kamar yadda ta san halin 'ya'yanta. Lokacin iskar kaskazi, daga Disamba zuwa Maris, takan ce teku ya zama romo, gishirin ma ba sai an ƙara ba. In ruwan sama ya sauka a Afrilu ta ce ya fara hankali. Amma da iskar kusi ta juyo daga kudu a watan Yuni, sai ta ɗaure fuska, ta ce ruwan ya zama na wankan gawa. A watannin nan ne Turawa ke cika otal-otal, su faɗa ciki suna ihun murna wai ɗumi, mu muna gefe cikin rigar sanyi muna roƙa musu sauƙi.

Bi Kazija ba ta tsoron kifi mai ƙaya, ba ta tsoron mai karɓar haraji, amma tana tsoron sanyi. Ta yi imani in ruwan kusi ya wuce wa mace ƙugu, sanyin zai shiga ƙashi ya yi gida, ba ya fita sai a kabari. Uwarta ta ƙare da gwiwoyi kamar kwakwa, kuma babu likitan da zai gaya mata ba ruwan kusi ba ne.

To sai ciyawar ta fara mutuwa. Shekara uku a jere, da kaskazi ta tsaya sosai, sai mwani ya yi fari fat, ya yi laushi, ya kakkarye a hannu kamar taliyar da ta wuce dahuwa. Wani masani ya zo daga gari da ma'aunin zafi, ya tsoma a gonakin mata a watan Maris, ya girgiza kai ya ce talatin da bakwai.

Bi Kazija ta ce, "Ɗana, da ka tambaye ni da ka huta da kuɗin mota. Tun bara nake faɗa musu dafa ta muke yi."

Maganar da ya bari ita ce, a ɗage gonaki daga bakin gaɓa a kai su can kusa da duwatsun da ke tare raƙuman ruwa, inda zurfin ya kai tsayin mutum biyu, ruwan kuma ba ya ɗaukar zafi. Ƙungiyar mata ta samo igiyoyi da jarkokin da za su riƙe su a saman ruwa, aka ɗauki jirgina zai riƙa kai su. Amma aka kafa doka ɗaya, kuma ni ma na goyi bayanta domin ba na son in ɗauki mutum ashirin in dawo da sha tara: duk macen da ba ta iya iyo ba, ba za ta taka jirgin ba. Za a yi gwaji a ƙarshen Agusta. Wadda ta ci a ba ta igiyoyinta a zurfi, wadda ta faɗi ta zauna a bakin gaɓa ta ci gaba da noman romo.

Ga Bi Kazija, wannan ba maganar wasa ba ce. Ba ta da wata sana'a, kuma ta rantse ba za ta koma gari ta zauna a ɗakin baya na gidan ɗanta tana jiran a miƙo mata shayi ba.

Aka kawo mai koyarwa daga arewacin tsibirin, Malama Riziki, gajeriyar mace mai usur a wuya, wadda ba ta dariya sai an tashi aiki. Ta zaɓi wani kwarmi a bayan dutsen ƙauye inda ruwa ba ya ƙafewa ko teku ya janye, ta ce ƙarfe bakwai na safe kowa ta zo. Aka raba musu rigunan iyo baƙaƙe masu rufe jiki tun daga kai har idon sawu. Ranar farko ina can nesa ina gyaran inji na ga sun jero su goma sha tara, kai ka ce hankaki ne aka gayyata taro.

Bi Kazija ta tsuguna ta tsoma gwiwar hannu. Ta miƙe.

Ta ce, "Malama, wa ya zaɓi watan nan?"

"Ni ce, Mama."

"'Yata, ba ki da uwa ne? A bari mana sai Disamba, ruwa ya yi ɗumi, ki ga iyo har ki gaji."

Malama Riziki ta ce, "In muka jira ruwa ya yi miki daɗi, Mama, ciyawar ta riga ta dahu. Dole iri ya shiga zurfi kafin Oktoba ya wuce."

Ƙawar Bi Kazija, Bi Tatu, wadda tun suna 'yan mata suke tare, ta riga ta shige har wuya. Ita Allah ya yi ta da jarkokinta a jiki, tun ranar farko ruwa ya ƙi karɓarta. Ta ɗago kai ta ce, "Shigo mana, Kazija. Ko kina jira a ɗora miki shi a murhu?"

"Ke da kike da bargo a ƙarƙashin fata me kika sani? Ni ƙashi ne da jijiya."

Ta naɗe rigar a hammata ta juya. Daga ranar ba ta ƙara shiga sahu ba. Kullum da safe tana zaune a kan dutse tana ɗaura iri a igiya, ido ɗaya a aiki, ɗaya a kwarmi. Mutane suka ce shi ke nan, Kazija ta haƙura. Ni da na san ta na ce, wannan shirun ba na haƙuri ba ne.

Ran sha huɗu ga wata, bayan sallar azahar, ina kankare gindin jirgi sai na hango ta da jarka babu komai ciki, ta yafa zane a kan baƙar rigar nan, tana waige-waige kamar wadda ta saci kaza.

Na ce, "Shemeji, ina za a kai jarka? Ko tekun za ki kwasa ki kai gida ki ɗumama?"

"Da zan iya da na yi. Zo nan, ɗan sa-ido. Tunda ka gani ka shiga ciki."

Ta kai ni bayan dutse inda ba a hango mu daga ƙauye. Ruwa ya janye tun hantsi, rana ta gasa yashi, yanzu ga shi yana dawowa a hankali, siriri, yana lasar ƙasa.

Ta ce, "Sa hannunka."

Na sa. Wallahi kamar ruwan da aka sirka wa mai jego. A tsakiyar kusi, iska na kaɗa mini riga, amma ruwan nan ɗumi gare shi.

Ta ce, "Shekarunka nawa a teku ba ka san wannan ba? Ku maza kuna can zurfi kuna zagin inji. In wata ya cika, ko in ya ɓuya, ruwa yana ja da nisa da rana tsaka. In ya dawo sai ya bi ta kan yashi mai zafi ya kwashe zafin. Kwana biyar ko shida ake samu, sau biyu a wata, kuma ba ya daɗewa, gwargwadon dahuwar shinkafa ne. A cikinsa zan koya. Na haddace duk abin da yarinyar nan take faɗa. Kai aikinka ka tsaya ka yi gadi, in na yi kuskure ka gyara."

"To madalla. Gemu ba ya hana ilimi, balle ke da ba ki da shi."

"Juya baya."

"Na'am?"

"Ka juya baya na ce. Matar yayanka za ka tsaya kallo tana wutsil-wutsil a ruwa? In ka waiwayo ban yafe ba, kuma zan gaya wa matarka inda kake ɓoye taba."

Na ce, "Shemeji, ta yaya zan gyara abin da ban gani ba?"

"Kunnenka na ado ne?"

Haka na zama mutum na farko a tarihin ƙauyenmu da ya koyar da iyo da ƙeya. Ina tsaye ina kallon bishiyoyin kwakwa, a bayana ana facal-facal. In na ji ƙarar ta yi yawa in ce ta rage dukan ruwa, bai yi mata laifi ba. In na ji tari in ce ta rufe baki, tekun na jama'a ne kada ta shanye. Muka yi kwana shida, ruwan ɗumi ya ɗauke, muka jira mako guda ya dawo, muka ƙara shida. A zagaye na biyu ta ajiye jarka. Ina jin muryarta tana tafiya daga dama zuwa hagu, ta dawo daga hagu zuwa dama. Na fara jin kaina malami, har na fara tunanin ni ma in nemi usur.

Abin da ya tona asiri bakinta ne. Wata rana tana cikin iyo tana ba ni labarin surukarta, yadda take zuba madarar kwakwa a shinkafa kamar mai ba da zakka, da yadda ta sayi labule ta bar tukunya a huje, da abin da uwar yarinyar ta faɗa ranar suna. Ban ji ta tsaya jan numfashi ko sau ɗaya ba. Na shiga lissafi. Ni da aka haifa a ruwa, in ina iyo ba na iya haɗa kalma biyar.

Na ce, "Shemeji."

"Mene ne?"

"Tsakaninki da Allah, ƙafarki tana ina?"

Sai ƙarar ruwa kaɗan.

"Wacce daga ciki?"

"Ta hagun."

"Tana inda Allah ya ajiye ta."

"A kan yashi ke nan."

Ta ce, "Babban yatsa ne kawai. Shi ma ba kullum ba."

Ashe kwana goma cur tana tafiya da ƙafa ɗaya a ƙasa, hannuwa na iyo a sama, ni kuma ina yaba mata da ƙeya. Na yi dariya har na zauna a yashi, amma da na ji ba ta rama ba sai na daina. Saura wata guda gwaji.

Ta ce a hankali, "Simai, in na ɗaga sai in ji kamar duniya ta sake ni."

Na ce, "To gobe kwarmi za mu. A can ko kin miƙa yatsan ba zai sami kowa ba."

Washegari muka je kwarmin da Malama take koyarwa, amma a lokacinmu, bayan azahar, sa'ad da ruwan da ya bi ta kan yashi yake gangarowa ciki. Na ɗaura mata igiya a ƙugu, na riƙe bakin, na juya baya kamar kullum. Ina jin ta tana shiga, tana bismilla a kowane taku. Sai ta tsaya.

"Simai, ruwan nan hawa biyu ne."

"Kamar yaya?"

"Sama ɗumi, kamar kamu ɗaya. Ƙasa kuwa ƙanƙara. Yana cizon mini gwiwa."

"To fito mana."

Na ji igiya ta yi sako-sako a hannuna. Babu facal, babu tari, babu zagi. Na ce taba ta tafi can, zan waiwaya.

"Shemeji?"

Muryarta ta zo daga wani wuri daban, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana daga kan gado.

"Yi mini shiru, ina kwance."

Abin da ya faru shi ne, sanyin ƙasa ya dame ta, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta kai ta cikin ɗumin sama, ta ji daɗi, ta ɗaga ɗayar. Don kada ko dunduniya ta koma cikin sanyi sai ta miƙe sambal a bayanta, ta baje hannuwa, ta shige cikin kamu ɗayan nan na ruwan ɗumi kamar mai shiga bargo. Ruwa kuwa ya ɗauke ta. Abin da Malama take ta fama da mata a kai, a miƙe jiki a ɗaga ƙugu, ita tsoron sanyi ne ya koya mata a minti ɗaya. Daga nan ta fara tura ruwa da hannu, tana tafiya a rigingine, fuska a sama. Kafin ɗumin watan ya ƙare tana ƙetare kwarmin ta dawo, kuma yanzu in na tsokane ta sai ta kai gefe take ramawa.

Saura kwana uku gwaji ta je ta sami Malama Riziki da ni a matsayin shaida, ta gaya mata komai. Malama ta dube ni ta ce, "Da ƙeya?" Na ce da ƙeya. Ranar na fara ganin haƙoranta a lokacin aiki.

Bi Kazija ta ce, "To alfarma ɗaya nake nema, 'yata. Ki yi mini nawa gwajin bayan azahar, a kwarmi."

Malama ta ce, "Mama, ran da jirgin Simai zai kife, zai jira azahar?"

Na ce, "A daina kifar mini da jirgi da baki."

Malama ta ce, "A inda za ki yi aiki za a gwada ki, a lokacin da za ki yi aikin. Ba ƙeta ba ce. Ina so ki koma gida kullum."

Ranar gwaji na kwashe su da sassafe zuwa zurfi. Iskar kusi tana busawa, ruwan ya yi shuɗi mai duhu. An ɗaure jar jarka da dutse kamar taku hamsin daga jirgi, kowace ta je ta taɓa ta dawo. Bi Kazija ta shafe jiki da man kanumfari har idona na yaji. Da layi ya zo kanta na fara juya baya, sai ta ce, "Yau ka duba. In na nutse a samu mai ba da labari daidai."

Ta sauka ta gefen jirgi. A can babu hawa biyu, daga sama har ƙasa ruwan kusi ne. Ina ganin fuskarta lokacin da ya kama ta. Numfashinta ya sarƙe, ta dunƙule kamar jariri, gwiwa a ƙirji, ta nemi ɗumin da za ta kwanta a ciki ta rasa. Ta yi taku biyar da ƙyar, ta sha ruwa, ta ƙara sha. Malama tana gefenta, ta tura mata jarka ta rungume.

Mata huɗu suka faɗi ranar. Malama ta ce za ta ƙara musu mako biyu kafin ta koma arewa, daga nan kuma babu. A hanyar dawowa Bi Tatu ta cire zanenta ta lulluɓa wa ƙawarta. Ni kuwa na nemi abin tsokana na rasa. Tunda nake ban taɓa yin tafiya da Bi Kazija shiru ba sai ranar, kuma ba na fatan in ƙara.

Da yamma na leƙa gidanta. Tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, tana kallon gwiwoyinta.

Ta ce, "Tun ɗazu nake jira su kumbura."

"Sun kumbura?"

"Ba su ba tukuna." Ta ɗan matsa ɗaya da yatsa. "Simai, ɗakin da yaron nan ya ce zai ba ni a gari, tagarsa bangon maƙwabci take kallo."

Na ce na sani, ni na kai musu katifar.

Ƙarfe bakwai na safe washegari, sauran mata ukun suna tsaye a bakin kwarmi sai ga ta. Ba ta tsuguna ba, ba ta gwada komai ba, ta wuce su ta shige har wuya tana karanta duk abin da ta haddace tun daga makarantar allo. Bi Tatu, wadda ta riga ta ci gwajinta amma ta zo kallo, ta ce, "A'a, yau an ɗora miki a murhun ne?"

Haƙoranta na kaɗawa ta ce, "Bari in fito, za ki ji amsa."

Kwana goma sha huɗu ba ta yi fashi ba. A rana ta huɗu ta zo mini da sabon ilimi, domin ita ba ta shiga abu ta fito hannu biyu. Ta ce sanyin nan kare ne mai haushi a bakin ƙofa. In ka shiga zai taso maka, amma in ka daure ka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai a hankali, kana fitar da numfashi, sai ya koma ya kwanta. Ta koya wa sauran ukun, har Malama ta ce za ta tafi da dabarar arewa. Kullum in ta fito sai ta sha shayi mai citta kofi biyu, ta duba gwiwa, ta ce sanyin yana nan yana shiri, ba a san ranar da zai bayyana ba.

Gwaji na biyu ya zo a tsakiyar Satumba. Ta sauka, ta riƙe gefen jirgi, leɓɓanta na motsi. Na ƙirga tare da ita a zuci. A ta bakwai ta saki, ta kwanta a bayanta, ta fara tafiya. Ba zan yi muku ƙarya in ce abin ya yi kyau ba. Tafiya take kamar ƙofar da ambaliya ta ɗauko, kuma da yake sama take kallo sai ta nufi Bara Hindi, can ƙetaren teku, maimakon jarka. Mata suka yi ta kiran "dama, dama", Bi Tatu ta fi kowa murya, tana cewa, "Damarki ta cin abinci, Kazija, ba ta surukarki ba." Ta karkato, ta daki jarkar da ka, ta juyo. Da hannunta ya kama gefen jirgi Malama ta busa usur, ta rubuta sunanta. Uku daga cikin huɗun suka ci. Ta huɗun, wadda ciwon kunne ya hana, su Bi Kazija suka ce za su riƙa ɗaura mata igiya biyu a cikin nasu har Malama ta dawo baɗi.

Muka jawo ta cikin jirgi tana haki. Da ta sami magana ta ce, "Wa ya matsar da jarkar nan?"

Aka dasa iri a Oktoba. Kaskazi ta zo da zafinta kamar yadda ta saba, har ta fi. A watan Maris gonakin bakin gaɓa suka yi fari, 'yan turakun da aka bari suna tsaye babu komai. Ranar da muka fita kwasar ta zurfi a tsakiyar zafin, kowa a jirgi idonsa na kan ruwa, domin wannan ce kwasar da za ta nuna ko wahalar ta yi rana. Bi Kazija ta zame cikin ruwa ta kwance bakin igiyarta ta miƙo mini. Na ja, na ji ta ƙi zuwa. Na ƙara ƙarfi. Sai ga ciyawar tana fitowa, ja-ja, mai kauri kamar yatsa, reshe a kan reshe, ruwa na zuba daga jikinta. Bi Tatu ta karya ɗan reshe ta ji ya yi ƙas, ta miƙa wa ta kusa da ita, aka yi ta zagayawa da shi hannu zuwa hannu.

Bi Kazija tana riƙe da gefen jirgi, ruwa har haɓa, tana kallon tarin da ke hawa a gabana.

Na ce, "Shemeji, hau mana, jirgi ya kusa cika."

Ta ce, "Saura igiya tara. Ka ja da kyau, kana zubar mini da rabi."